Waƙa Mai Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ranar Talata da hantsi Malam ya karanta baitin farko na waƙa mai lamba ɗari biyu da sha huɗu, ya ja mata jan layi, ya rubuta "na'ura" a gefe, ya ɗauki ta gaba. Ko minti guda bai yi a kanta ba.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da adabi. Da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai wata tsohuwar ɗalibarsa da ke fitar da ƙaramar mujallar adabi ta roƙe shi ya riƙa tace mata waƙoƙin da ake aikowa. Takan cire sunayen marubuta ta sa lambobi, ta buga masa a takarda, don ya rantse ba zai karanta waƙa a waya ba. A da, waƙa arba'in ce ke zuwa a wata uku, yawancinsu marasa kyau, amma rashin kyau irin na mutane. Tun da abin nan da suke kira ƙirƙirarriyar basira ya shiga wayar kowa, sai suka koma ɗari shida, dukkansu sumul kamar sabon kwano.

"Waƙar mutum tana ɗingishi," yakan ce wa editar. "Ta na'ura ba ta tuntuɓe. Kuma abu uku take so a duniya: taga, ruwan sama, da kujerar da ba kowa a kai."

Waƙa mai lamba ɗari biyu da sha huɗu sunanta "Kujera". Ba tuntuɓe ko ɗaya a baitinta na farko.

Ba wanda ya san yana wannan aiki a layinsu, don kada a mai da gidansa gidan waya. Musamman ya ɓoye wa Kafinta, maƙwabcinsa na shekara ashirin da biyu, wanda shagonsa ke jingine da bangon ɗakin karatun Malam. Kafinta a aji huɗu ya bar makaranta, amma yana rubuta waƙa da fensirin da yake auna katako, a cikin tsofaffin littattafan 'yarsa. Kullum da la'asar sai ya shigo, garin katako a gira, ya miƙa littafi.

"Jan Biro, duba min wannan."

"Wannan ba waƙa ba ce, Kafinta, lissafin kayan aiki ne. Ɗango na uku ya fi na biyu tsawo da taku guda. In haka kake yin tebur, ba mamaki shayin mutane ke zubewa."

"To gyara mana. Ai don haka aka ajiye ka."

Sai Malam ya gyara, Kafinta ya yi dariya ya tafi da shafinsa jawur. A shekara ashirin da biyun nan Malam bai taɓa ce masa waƙa ta yi kyau ba. Yakan ce yabo ne ke lalata almajirin waƙa. Tun rasuwar matarsa, Kafinta kaɗai ne ke shiga gidan ba tare da an kira shi ba, shi kaɗai ne kuma ba a kora.

Bayan mako biyu da wannan Talata, Kafinta ya shigo ba littafi a hannunsa, sai wayar 'yarsa.

"Karanta min wannan. Yarinyar ta karanta min sau biyu, amma na ce ko ita ce ba ta fahimta ba."

Malam ya san saƙon tun kafin ya gama sa tabarau, don shi ya tsara wa editar kalmominsa. "Ba ma karɓar waƙar da na'ura ta rubuta. Muna roƙon kada a sake aiko mana sai bayan shekara guda."

"Mujallar da nake ara a wurinka ce," in ji Kafinta. "Wai ni, Malam. Ni da ko lambar 'yata ban iya nema a waya ba. Ita ta buga min, ina tsaye a kanta, na ce ko waƙafi kada ta taɓa. Wata bakwai ina goge waƙar nan. Duk abin da ka taɓa yi min faɗa a kai sai da na duba. Na ƙirga kowane ɗango da yatsu. Na ce wannan karon ko Jan Biro ba zai sami inda zai sa hannu ba."

"Kawo ta in gani."

"A'a. So na yi ka gan ta a buge, inda bironka ba zai kai ba. Yanzu kuma ba ta da amfani."

"Me sunanta?"

"Kujera."

Malam ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Editocin zamani," ya ce a ƙarshe. "Rabinsu ba su iya karatu ba."

Kafinta na fita Malam ya jawo kwalin takardu daga ƙarƙashin tebur, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo yana tonawa har ya same ta. Baiti tara ce. Ya karanta a tsaye. A baiti na huɗu ya gane bangon da ake magana a kai. A na shida ya gane mutumin da ke bayan bangon, wanda ba ya gaisuwa sai da gyara. Ga na ƙarshe:

Ya ce mini in gyara ƙafar kujera,
Ban ce masa wa zai hau ta ba.
Na sa mata ƙusa shida maimakon huɗu,
Don ban san nauyin wadda ba ta nan ba.

Kujerar matarsa ce. Wata biyu bayan rasuwarta ya lura ƙafar tana rawa, ya kai ta shago ya ce a gyara kawai, aka dawo da ita ba a ce komai ba. Ya je falo ya kifa ta ya ƙirga. Shida.

Ya kira editar.

"Lamba ɗari biyu da sha huɗu mutum ne."

"Malam, ai kai ka ja layin."

"Na san wanda ya ja layin. Ban kira don a tuna min ba."

Ta ce fitowa ta gaba an riga an rufe ta, sai ta bayan wata huɗu, amma yau ɗin nan za ta tura wa marubucin saƙon ban haƙuri.

"Kada ki tura," in ji Malam. "Ni na yi ɓarnar, ni zan gaya masa da bakina."

Abin da ya ce ke nan, ya kuma ji daɗin yadda maganar ta fito.

Kwana tara suka wuce. Kafinta yakan shigo da la'asar kamar kullum, amma hannu biyu babu komai, fensirin ma ba ya bayan kunne. Su yi hirar gwiwa, su yi hirar ruwan famfo da ba ya zuwa. Wani lokaci ya dafe ƙirji ya ce garin katako ne, zai wuce. Sau uku Malam ya buɗe baki. Na farko ya ce a rufe ƙofa saboda ƙuda. Na biyu ya tambayi lafiyar 'yar. Na uku ya ce, "Ba ka kawo komai ba yau ma?"

"Na huta, Jan Biro. Kai ma ka huta."

Malam ya karanta littattafai sun fi dubu a kan mutanen da suka yi jinkiri, ya ci gyaran ɗalibai da suka kasa gane darasinsu. Ga shi zaune yana kallon ƙofa.

A rana ta goma, da sassafe, 'yar Kafinta ta buga masa ƙofa, mayafinta a karkace.

"Kawu, Baba ya faɗi a shago. Mun kai shi asibiti. Sun ce zuciya ce."

Da rana ya shiga mota ya tafi, waƙar a ninke cikin aljihun gaba. Ɗakin gado takwas ne, fanka ɗaya ke aiki. Kafinta na gadon ƙarshe, an sa masa roba a hanci, hannayensa a kan zanin gado fes, kamar ba nasa ba.

"Ka zo gyara ni?"

"Kai ai ka wuce gyara. Yaya jikin?"

"Gadon nan, dubi yadda suka haɗa shi. Wanda ya yi shi ba ya tsoron Allah."

'Yar ta yi dariya ta fita neman ruwan zafi. Malam ya jawo kujerar roba ya zauna, ya kai hannu aljihu.

"Kafinta, game da saƙon nan..."

"Bari, ai na gano." Muryarsa ta yi ƙasa, amma fuskarsa ta sake. "Yarinyar ta tambayi wata ƙawarta da ta san harkar. Wai yanzu waƙoƙin sun yi musu yawa, ba mutum ne ke karantawa ba. Wata na'urar suke sa wa ta duba ko na'ura ce ta rubuta. Ka ji fa! Ƙarfe na shari'ar ƙarfe, ni a tsakiya." Ya yi tari, ya jira ya lafa. "Wallahi tun da na ji haka na sami barci. Abin da ya hana ni sukuni, a ce ɗan Adam mai jini a jika ya karanta abin da na rubuta, bai ji akwai kowa a ciki ba. Ashe ba wanda ya karanta. Da a hannun irinka ta faɗa, ko zagi ne da na sha, amma da ka san ni ne."

Malam ya bar hannunsa a kan aljihun. Ya ga babu hanyar da zai yaba waƙar sai ya ce ya gan ta, babu kuma hanyar da zai ce ya gan ta sai ya ƙwace wa mutumin barcin da ya samu.

"Ko ba haka ba, Jan Biro?"

"Haka ne," in ji Malam.

Ya zauna har aka kaɗa ƙararrawar sallamar masu dubiya. A hanya ya ce wa kansa tausayi ne ya rufe masa baki, amma ya yi shekaru da yawa yana gano ƙarya a rubutun mutane, bai yarda da wannan ba. Kafin ya isa gida ya yanke shawara. Gobe. Kafinta ya ji haushi in zai ji, ya zage shi in zai zaga.

Washegari ya shiga motar farko. Ya yi ta tsara maganar a ransa, yana yanke mata duk abin da ya yi yawa: bayanin waƙoƙi ɗari shida, bayanin lambobi, bayanin idonsa da ya tsufa. Kafin a sauke shi ta rage jimla uku.

Gadon ƙarshe an yaye masa zani. Katifar roba ce baƙa, an goge ta, ba ta gama bushewa ba. 'Yar na zaune a bencin waje da ledar kaya a cinya, takalman uban a saman ledar.

"Kawu," ta ce, "da asuba ne. Yanzu nake cewa in kira ka."

"Allah ya jiƙansa," in ji Malam. Bakinsa ne ya faɗa, shi bai san ya faɗa ba.

Ya koma ciki ya tsaya a gefen gadon. Majinyacin da ke kusa ya juya fuska ga bango don ya ba shi wuri. Wata mai shara ta iso da bokiti da tsumma a sanda, ta tsaya tana jira.

"Baba, ɗan ɗaga ƙafa in wuce."

Ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga ɗayar. Ta goge inda yake tsaye ta yi gaba. Jimlolin uku na nan a bakinsa yadda ya jera su a mota: Ni ne. Na karanta ta har ƙarshe. Ta yi kyau, Kafinta.