Kifin Ranar Asabar

"Marasa lafiya kake sayar wa mutane," in ji Dogo. Ya dangwarar da ledar a kan teburin mai kifi. Jajayen kifaye ne a ciki, duk sun juya ciki sama.

"Da ka ɗauke su a nan, a kwance ka gan su ko suna iyo?" Mai kifi bai ko ɗago ba. "Ni na fara zargin soya su kake yi, Malam."

Masu shagunan kusa suka kwashe da dariya. Dogo bai yi ba.

Tela ne. Tun da suka rabu da matarsa, ranar Asabar kaɗai ake kawo masa 'yarsa, shi ma sai uwar ta shiga ta duba ɗakin tukuna. Yarinyar tana fama da asma. Uwar ta ce ranar da ta ga datti, kawowa ta ƙare. Da farko yarinyar a bakin gado take wuni, tana tambayar yaushe za a zo a ɗauke ta. Sai ya sayi akwatin gilashi da kifaye. Ran nan da ƙyar aka ɓamɓare ta daga ɗakin.

Yau ma Asabar ce, kuma akwatin fayau yake, ba kifi ko ɗaya.

"Tsaya," mai kifi ya ce. "Me kake musu in ka kai su gida?"

"Gata. Duk Juma'a nake kwashe su a kwano, in zubar da ruwan kaf. In goge gilashin da garin sabulu, in wanke duwatsun, in dafa soson matatar ruwan. Sannan in cika da ruwan famfo sabo dal."

Mai kifi ya ajiye 'yar komarsa, ya kalle shi.

"Ko maƙiyinsu ne kai, iyakar abin da za ka yi ke nan. Ruwan famfo akwai magani a ciki, ƙona musu numfashi yake. Wannan dattin da kake dafewa a soso kuwa, shi ke cinye ƙazantar da suke fitarwa. Ka bar ruwa ya tsufa mana, bawan Allah."

"Zai yi kore."

"To ya yi. Kai za ka sha?"

Ya ɗura masa jarka daga tsohon tankinsa, ya cusa wani baƙin soso a leda, ya ƙulla masa sababbin kifaye. A bas wata mata ta toshe hanci ta matsa gefe. Dogo ya rungume jarkar, yana kallon titi.

A ɗaki ya daɗe a tsaye. Ƙasa tana ƙyalli, keken ɗinki a lulluɓe, ko zare ɗaya babu a kan darduma. Gilashin ma tas, kamar babu shi. Ya tsiyaye ruwan famfon a banɗaki, ya tuttula na jarkar. Akwatin ya koma kamar kududdufi. Ya sa ledar kifin a saman ruwan har suka saba, sannan ya kwance ta.

Ko hannu bai goge ba ya ji sallama.

Yarinyar ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa da gudu, ta manna hanci a gilashi. Uwar ta shigo a baya, jakar yarinyar a kafaɗa. Ta shafa saman akwatin talabijin, ta duba yatsa. Ta leƙa bayan ƙofa. Sai idonta ya sauka a kan ruwan.

"Wannan fa?"

"Ruwansu ne. Haka suke so."

"Su suka gaya maka?" Ta sunkuya ta shinshina, ta yatsine fuska. "Kai dai ba ka canzawa. Na san ba za a je ko'ina ba."

Dogo ya buɗe baki. Bayanin mai kifi yana nan a kansa, amma ya san yadda zai fito a bakinsa: mutum yana kare ƙazanta. Ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Baba," yarinyar ta ce, ba ta juyo ba, "yau ba sa haki. Da kullum sama suke zuwa suna buɗe baki irin nawa."

Uwar ta kalli bayan 'yarta. Ta kalli koren ruwan. Hannunta yana nan damƙe da igiyar jakar.

Yarinyar ta juyo, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ajiye jakar mana. Ko yau ba zama zan yi ba?"