Akwatin Wasiƙun Alhaji Ousseini

Duk ɗan Nijar da ya sauka Greensboro ta Amurka, kafin ya san gabas da yamma an ba shi adireshin Alhaji Ousseini. Haka aka saba, gidan babba shi ne gidan baƙo. Akwatin wasiƙunsa ɗan mitsitsi ne, amma sunaye goma sha ɗaya ke manne a jikinsa, shi kuwa har taƙama yake da su.

Bayan harin Satumban 2001, sunayen nan suka jawo masa jami'an tsaro biyu. Ba su ɗaga murya ba. Tambaya kawai suka yi: mutum goma sha ɗaya a gida mai ɗaki biyu, ina suke? Ɗayan ya ƙara da cewa sun ga saura wata biyu a rantsar da Alhaji ɗan ƙasa.

Shekara goma sha huɗu Alhaji yana jiran takardar zama ɗan ƙasar nan. Ya karɓi biro ya rubuta inda kowa yake, har da wurin wankin mota na McLeansville, inda Hassane ɗan garinsu Tasawa ke aiki da bizar da ta ƙare.

Kwana uku tsakani aka ɗauke Hassane. Wata huɗu yana tsare, ba tuhuma, ba kotu. Alhaji ya samu takardarsa, ya jefa ta ƙasan akwatin kayansa, don ko kallonta kunya yake ji. Chamsiya matar Hassane kuwa ba ta fasa kawo masa dambu duk Juma'a ba.

Wata Juma'a wasiƙar Hassane ta iso, a akwatin wasiƙun nan dai. Chamsiya ba ta yi boko ba, sai ta durƙusa ta ce, “Baba, karanta mini letar ɗin.”

Ya karanta gaisuwa, ya karanta cewa lafiyarsa lau, amma Nijar za a mayar da shi. Sai idonsa ya kai layin ƙarshe: “Baba, sun nuna mini takardar, na gane rubutunka. Kada Chamsiya ta sani. Ba ta da kowa a ƙasar nan sai kai.”

“Iyakar abin da ya ce ke nan?” in ji ta.

“Iyakarsa ke nan.”

Ta share hawaye da bakin mayafi. “Allah ya bar mana kai, Baba.”