Matar da Zibrim Ya Kashe da Hoto

Shekara arba'in Zibrim mai hoto yana yawo da kyamara a Salaga, kuma abu guda ke cin ransa: bai taɓa ganin sunansa a ƙasan aikinsa ba. Hotunansa suna ƙarƙashin katifun mutane, kyankyasai ne 'yan kallonsu. Ga yaran yanzu kuwa, marasa ta-ido, yaro ya ɗaga waya ya murguɗa baki, kafin la'asar mutum ɗari sun yaba masa.

Dokarsa biyu ce. Ba a dariya a gaban kyamararsa. "Rufe bakin, ba tallan haƙori kika zo ba." Sannan ba ya rubuta sunan kowa a bayan hoto, wai kansa ne littafinsa.

Wata Talata sai ga Rafiu, wani mai sayar da taya daga Yendi. Mahaifiyarsa Hajiya Hawawu ta rasu, addu'ar arba'in ta matso, ana son buga takardar sanarwa, an rasa hotonta na kirki. Amma an tuna Zibrim ya ɗauke ta a wani biki nan Salaga, shekara talatin da suka wuce.

Zibrim ya kifar da akwatinsa, ya tona, ya zaro wata mata cikin koren anko, baki a tsuke kamar an yi mata laifi.

"Ga uwarka."

Rafiu ya juya hoton. "Baba, ka dai tabbata?"

"Kai! Ranar da na ɗauke ta kana goye kana tsiyayar majina. Ni za ka tambaya?"

Sharaɗinsa ɗaya: a buga sunansa. Aka kuwa buga, ZIBRIM MAI HOTO, SALAGA, har ya fi na mamaciyar girma.

Takarda ta bazu. Bangon masallatai, gindin motocin lori, wayoyin mutane. Har Bawku ta kai, inda ƙanwar marigayiyar, Asiatu, ke sayar da albasa. Wata tsohuwar ƙawarta da ba ta iya karatu ba ta ga fuskar a tasha, ta ɗora hannu a ka, ta nufi gidan Asiatu da kuka. Ta tarar da gawar zaune tana cin tuwo. Ƙawar ta kwasa da gudu, takalminta har yau yana can.

Ranar addu'a Zibrim ya iso Yendi da babbar riga ta aro, ya ja kujera dab da hoton. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa, "Allah ya jiƙanta. Ka ga hasken nan? Aikina ne."

Malamai sun fara karatu ke nan wata tsohuwa ta ratso rumfa, lema a naɗe a hannunta kamar kulki.

"Wane ne Zibrim?"

Wani dattijo na kusa da shi ya dubi lemar, ya raɗa masa, "Yi shiru, sai mu ce ka tafi alwala."

Shawara ce mai kyau. Amma shekara arba'in mutumin nan yana jiran a yi wannan tambaya a bainar jama'a. Ya miƙe, ya gyara riga.

"Ni ne, Hajiya."

"Hajiyar gidanku! Ni Asiatu ce, ko Tamale ban cika zuwa ba, balle aikin hajji. Wannan da ka manna a gindin kowace mota, ni ce!"

"Hawawu ce. Idona ba ya..."

"Idonka na banza!" Ta zuge hannun riga. "Dubi tabon ƙunar nan, dubi na hoton. Anko ɗaya muka sa ranar. Yayata wushirya gare ta, duk Yendi an sani. Da ka bar mu mun buɗe baki, ko jaki zai bambance mu. Kai kuwa sai tsawa, rufe baki, rufe baki, kamar mun zo kotu!"

Rafiu ya matso. "Inna, ki yi haƙuri..."

"Kai kuma rufe min naka, wanda bai san fuskar da ta shayar da shi ba. Kwana tara ana kawo min gaisuwar mutuwata. Masu sayen albasa sun koma wajen wata!"

Liman ya tusa fuska cikin rawani, kafaɗunsa suna rawa. Yaran nan kuwa duk sun ɗaga wayoyi. Kafin a raba waina, daga Makango har Bawku an san Zibrim mai hoto, wanda ya kashe mai albasa.

Da jama'a suka watse, Asiatu ta same shi a bayan rumfa yana neman hularsa. Muryarta ta sauka.

"To ina na yayata?"

Ya tsinci hular, ya karkaɗe ta. Akwai wani, in ji shi, amma ya lalace. Yana cikin ɗauka su biyu suka tuntsire da dariya. Bai taɓa nuna wa kowa ba, kunyarsa yake ji.

"Ka kawo min lalataccen."

Bayan mako ya hau mota da kansa har Bawku. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ga su nan su biyu, kai ya karkace, Hawawu ta dafa kafaɗarta, wushirya a waje. Asiatu ta daɗe tana kallo. Mai sayen albasa ya yi sallama sau uku ya gaji ya tafi.

"Za a buga shi?" Zibrim ya tambaya a hankali.

"A akwatina zai kwana. Ba mai ganinsa sai ni."

"Ko in sa sunana a baya?"

"Sunanka ya ishe mu haka, Malam."

Duk da haka ya ari biro wajen mai shagon kusa, ya kifa hoton a gwiwarsa, ya rubuta da kyar: Hawawu, hagu. Asiatu, dama.