Tafiyar da Tsohon Gwani Bai Gani Ba

Shekara ashirin da bakwai mai gyaran keken ɗinki ya yi yana kwance ƙarfe yana ɗaurawa, kuma abin da aikin ya koya masa shi ne duk abin da ya cije, akwai inda ya cije. A gano wurin, a ɗiga mai, shi ke nan. Da wannan idon yake kallon 'yarsa Auta, wadda wata uku ke nan ba ta taka ƙofar gida ba.

Tun da ta dawo daga gasar ces, darar nan ta sarki da sarauniya da dawakai a kan allo mai gidaje fari da baƙi, ta shige ɗaki. A wasan ƙarshe da kanta ta miƙa wuya, aka ba wata yarinyar kofi da gurbin karatun da ke tare da shi. Bayan an watse malaminta ya nuna mata ashe da sauran mafita, ita ce ba ta gani ba. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, in ji mahaifiyarta, da an san ta inda za a fara lallashi.

Abu ɗaya ke ta da ita daga gado: wani tsohon littafi da malamin ya ara mata tare da allo. A ciki akwai wasan wasu gwanaye biyu na shekara ɗari da wani abu, tsoho da fararen 'ya'ya, saurayi da baƙaƙe. A tafiya ta talatin da ɗaya tsohon ya kwantar da sarkinsa, ya ce an ci shi. Marubucin ya ce tsohon ya yi gaggawa, akwai mafita, a duba ƙarshen littafi. Shafukan ƙarshen kuwa sun daɗe da zubewa.

Kullum da safe Auta takan jera 'ya'yan a kan ƙaramin tebur na bakin taga, ta zauna har shayinta ya huce, tana rubutu a littafin makaranta tana sokewa. Uban ya taɓa tambayarta daga bakin ƙofa, ta yi masa bayani: sojojin tsohon ne da kansu suka toshe wa sarkinsa hanya, sarauniyarsa ta yi nisa, dokin saurayin kuma ya kafe a tsakiya ya ƙi gusawa. Bai fahimci komai ba. Ƙasusuwan wuyanta da suka fito kawai yake kallo. Ya ce a ransa, to, ga inda ya cije.

Ran nan tana wanka ya lallaɓa ya zana allon a bayan takardar kalanda, gida gida, kowane ɗa a wurinsa. Ya kai wa mai gyaran waya, maƙwabcinsa a layin shaguna.

"Baba mai keke, an koma zane ne? Wannan doki ne ko akuya?"

Ya ce ko jaki ne dai a taimaka. Mutumin yana dariya ya jera hoton a cikin waya, kafin ya gama gyara zama amsa ta fito: a kai sarauniya gidan da za a cinye ta a banza, bayan tafiya huɗu sarki ya sami ƙofa. Ya rubuta masa a takarda. Mai keke ya rufe shago da rana tsaka, ya bar keken wani tela a kwance, ya nufi gida da sauri kamar wanda ya samo magani.

Auta ta karanta takardar sau biyu. Ta ɗauki farar sarauniya ta ajiye, ta cinye ta da baƙin soja, ta bi sauran tafiyar a hankali. Ta daɗe tana kallon allon kafin ta ce daidai ne. Ta tambaye shi wa ya gano, ya faɗa mata.

"Minti nawa wayar ta yi, Baba?"

"Wane minti? Ai ko ƙiftawar ido ba ta yi ba."

Da murmushi ya faɗa, yana jiran ya ga nata. Ita kuwa sai ta buɗe littafin rubutunta, ta koma can farko, ta nuna masa wani layi da aka soke da jan biro. Tun a mako na biyu ta gwada tafiyar sarauniyar, ta bi ta har taki uku, ta ce ba za ta yi ba. Taki ɗaya ya rage mata.

Ta yi masa godiya. Ta kwashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a jaka, ta naɗe allon, ta ce in ya sami hanya ya mayar wa malam kayansa.

Washegari har hantsi ya dubi ludayi Auta ba ta tashi ba. Mahaifiyarta ba ta yi wa uban faɗa ba. Tana goge kofi ta ce a hankali, a da dai ko ba komai yarinyar tana tashi ta zauna.

Bai kai kayan ba. Ya shiga ɗakin, ya shimfiɗa allon a kan teburin, ya zazzage jakar. Tana kwance ta ba shi baya. Ya jera sojojin yadda ya tuna, sannan ya tsaya da doki a hannu.

"Auta, shi wannan kusa da sarki yake zama, ko a kusurwa?"

"Baba, za ka makara shago."

Ya ce ba komai, kekunan ba gudu za su yi ba. Ya ajiye dokin a gidan da hannunsa ya kai, ya shiga neman na biyun.