Katangar Alhaji Illo

Salima ta daina jin komai game da muryar Balkissa. Ta saurare ta a ɗakin haɗa sauti har ta haddace inda matar ke tsayawa ta haɗiye kuka.

Labarin ba wani mai wuya ba ne. Alhaji Illo, wani ɗan kasuwa, ya ja katanga a unguwar Kirkissoye da ke hayin kogi, ya toshe hanyar ruwa. Da aka sheƙa ruwan sama, ya rasa mafita, ya malala gidan Balkissa, ɗaki ya rufta kan 'yarta Huda. Salima, mai ɗauko rahoto a wani ƙaramin gidan rediyo, ta tsallaka kogi ta naɗo maganar uwar. Abu ɗaya Balkissa ta roƙa, duniya ta ji, ko a rushe katangar kafin wani ruwan.

Sai dai Oumarou, shugaban sashen labarai, tun da hukumar sa ido kan kafafen yaɗa labarai ta ja musu kunne kan fifita ɓangare ɗaya, ko gaisuwar mutum ba ya saki sai ya nemo abokin gabarsa.

"Ekilibir, Salima, daidaito," ya ce. "Sai mun ji ta bakin Alhaji."

Alhaji kuwa ya ƙi ɗaukar waya. Yau yana masallaci, gobe ya yi tafiya, damina na ta nisa. Daga ƙarshe ta ritsa shi a ƙofar shagonsa a Zongo, ta miƙa masa makirufo.

"Ba ni da abin cewa," ya ce, ya shige mota.

Da ta kawo wa Oumarou muryar, har da tafi. "Madalla, ga ɓangare biyu. Amma iya tsawon nasa, iya tsawon nata."

"Shef, numfashi ɗaya fa ya yi," ta ce wa shugaban nata.

"To ita ma numfashi ɗaya. So kike a rufe mu?"

Salima ta laluba ranta ko za ta sami fushi, ta tarar wayam. Ta nemi jimla ɗaya a maganar Balkissa da za ta ɗauki katanga da ruwa da Huda, babu. Oumarou ya gaji da jira, ya yanko daga farko. Ga shi tun da safe ta riga ta kira Balkissa ta ce ta tara maƙwabta su saurari labarun yamma.

A labarun yamma muryar ta fito: "Salamu alaikum, sunana Balkissa." Sai ta Alhaji: "Ba ni da abin cewa." Aka wuce zuwa farashin albasa a kasuwar Petit Marché.

Wayar Salima ta yi ƙara, sunan Balkissa a kai. Tana kallonta har ta katse. A kan kwanon rufi, yayyafi ya fara sauka.