Kaset ɗin Tanna

"Yi magana mana, Tanna! Abin nan pil yake ci, kada batir ya ƙare!"

Na tura rakoda har bakin tabarmarta. Tanna maƙwabciyata ce a Kona, danga ɗaya ta raba mu shekara talatin. Ranar kwananta goma sha biyu ko kunu ba ya zama a cikinta. Farin tamanin da huɗu ke nan, sojoji na rabon jar dawa a Tasawa. Ni Bawa fari uku na gani, ba wanda ya kada ni. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma in na dubi idon mutum na san ko ya ɗaura tafiya.

Ɗanta Salifu yana Abijan yana buga balo, ana tafa mashi don yana gudu da gajeren wando. Ni na koya mashi da ƙwallon tsumma, kowa ya sani. Jibo shofer zai tashi da kamyon, babbar motar dabbobi, bayan azahar, shi zai kai saƙon. Abu guda ake so, ta buɗe baki ta ce yaron ya taho.

Sai dai Salifu ɗan fari ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunanshi ba.

Ta gyara murya, ta juya fuska ga bango. "A gaida mutanen can. Muna lahiya lau. An ba mu dawa. Wanda ke can ya riƙe salla."

"Ki ce ya taho!"

"Haba, Malam Bawa. Da bakina? Mutane su ji?"

"Waɗanne mutane? Akwati ne, ke!"

Ta ja zane ta rufe kai. Raina ya ɓaci, na fita zaure da rakodan na zuba tawa: "Salifu, uwarka na mutuwa. Aje balon nan ka taho yau!"

Kullum da hantsi takan tambayi ƙanwarta Furera, "Ba a ji mota ba?" Ba ta faɗin motar wa. Kwana goma sha shida tana tambaya. Ranar Alhamis ba ta tambaya ba. Mu huɗu muka haƙa mata kabari, ƙasa kamar dutse, ni na fi kowa sara.

Bayan kwana tara sai ga Salifu da jaka a kafaɗa. Ban amsa sallamarshi ba.

"Kaset bai kai ba?"

"Ya kai, Baba."

"To, kunne ne babu?"

"Ta ce suna lahiya. Da muryarta na ji. Saura wasa biyu mu ɗauki kup, mai ekip, shugaban ƙungiyarmu, ya ce in na tahi kada in komo."

"Ni fa? Ban yi magana ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, kai ne ka ce mana ka shaƙe kura da hannu ɗaya. Na ɗauka ƙari ne irin naka."

Na ɗaga sanda, wallahi da na sauke mashi ita a ƙafar da yake taƙama da ita. Furera ta riƙe ni.

Ya wuce ƙofar ɗakin uwar, bai shiga ba. Ya zauna a ƙasa, ya buɗe jaka ya fito da turmin atamfa shuɗi da ya sayo mata, ko takardar kanti ba a ɓare ba. Ya ɗora a gwiwa. Har aka kira la'asar yana nan, kaji na kiwo kusa da ƙafarshi.