Matakalar Seu Olegário

Gidan da Aderbal yake zaune a São Paulo ba nasa ba ne. Surukinsa, Seu Olegário, shi ya zana shi da hannunsa tun yana saurayin magini, ya ɗora shi a kan ginshiƙan siminti a gangaren tudu, bangon gaba gilashi daga ƙasa har rufi. Da ya aurar da 'yarsa Neusa, sai ya ce su zauna tare, gidan ya yi masa yawa.

Abin da ya hana Aderbal sakat shi ne matakalar bene. Katakai ne kawai aka soke a jikin bango, kowanne a rataye shi kaɗai, babu abin dafawa, ƙasa kuma daɓen dutse. Ga 'yarsu Dalva ta fara tafiya, duk inda aka ajiye ta can take nufa.

Ran Lahadi ana cin wake da shinkafa, ya yi ta maza.

"Seu Olegário, da an ɗan sa ƙarfe a gefe, kafin ta yi wayo."

Tsohon ya ajiye cokali. "Ƙarfe? Gida na gina, yaro, ba kejin aku ba."

"Yarinyar nake ji."

"Uwarta a nan ta koyi hawa. Neusa, kin mutu?"

"Ban mutu ba, Baba," in ji ta, tana dariya tana shafa tabon haɓarta.

"To ka ji. Yaron da ya samu majingina shi ke faɗuwa. Wanda ya ga rami, ƙafarsa ke yin hankali. Ci abinci, duk ka bushe kamar karan rake."

Aderbal ya kira kafinta ya kafa ɗan ƙyaure a gindin matakalar. Ba a jima ba ya tarar da ƙyauren a cire a bayan gida, jingine da bishiyar gwaiba. Da ya kai ƙara wajen Neusa, cewa ta yi, "Kai ma dai! Tun rasuwar Mama, ban da gidan nan me ya rage masa?"

Wata ranar da la'asar Aderbal ya sauka daga bas, ya hauro tudu. Tun daga titi gilashin ya nuna masa komai. Dalva ta wuce rabin matakala da rarrafe, bakin rigarta yana shiga ƙarƙashin gwiwarta. Tsohon yana tsaye a ƙasa, hannuwa a baya, yana gyaɗa kai.

Aderbal ya buɗe baki zai ƙwala ihu, sai ya haɗiye. Duk sanda ta ji muryarsa, juyowa take yi ta miƙo hannu biyu. In ta hango shi ma haka ne.

Ya ja da baya, ya tsuguna a bayan motar maƙwabci, ya rungume jakarsa yana leƙe. Yarinyar ta ɗaga gwiwa tana laluben katako na gaba.